Gimbiya a Kuncin Amang Basuni

Nini Jumantan ce ta fara ba ni wannan labari, wata tsohuwa mai sayar da kalalapon a bakin kasuwar Martapura, Allah Ya jiƙanta. Ruwan sama ne ya tsare ni a rumfarta ranar. Tana mulmula ƙullu tana cusa sukarin kwakwa a ciki, tana ba ni labarin, tana dariya har tukunya ta kusa ƙonewa. Ta ce da idonta ta gani, don ƙofar gidanta na kallon ta mutumin. Ni dai ban ƙara gishiri ba. In ma na ƙara, ɗan kaɗan ne.

A garin nan na lu'ulu'u, ko mai sayar da kifi ka miƙa wa zobe, zai juya shi a rana ya gaya maka ko dutse ne ko gindin kwalba. Mutum ɗaya ne Allah bai ba shi wannan ido ba, shi ne kuma ya fi kowa baki. Amang Basuni mai aski ke nan. Yatsunsa duk zobba ne, har almakashi ke maƙale masa, ga wata 'yar tocila rataye a wuya kamar laya. Sai ya shafa wa mutum kumfa, ya ɗora masa aska a maƙogwaro, sannan ya kama hannunsa ya haska zobensa.

"Wannan naka kwalba ne."

"Haka ne, Amang."

"Ka ga? Ko kai ka yarda."

To wa zai yi musu da aska a wuyansa? Da haka Amang Basuni ya tabbata duk faɗin Kalimantan babu mai idonsa.

Matarsa, Acil Norsehan, mace ce marar yawan magana, kullum gashinta a naɗe tam a ƙeya, ba ta yarda ko 'yarta ta taɓa mata shi. Tana da zobe guda da ta gada wurin uwarta, mai ɗan lu'ulu'u kamar ƙwayar shinkafa, wanda kakanta ya wanko da hannunsa a ramukan Cempaka. Zoben na cikin gwangwani a ƙasan kabad, an yi wa 'yarsu Rusmini alkawarinsa tun tana goye: ranar da dangin mijinta suka kawo kaya, ranar za a sa mata shi. Ga ranar ta matso. Wanda Rusmini ta zaɓa kuwa ɗan Haji Kurnain ne, mai babban shagon duwatsu a tsakiyar kasuwa.

Wannan shi ya hana Amang Basuni sukuni. Ya fito da gwangwanin, ya haska zoben ta sama, ya haska ta ƙasa, ya hura masa iska, ya taɓe baki.

"Norsehan, ki yi haƙuri da abin da zan gaya miki. Zoben uwarki kwalba ne."

"To," in ji ta, tana tsince shinkafa.

"To kawai? Wannan za mu fitar a gaban Haji Kurnain? Mutumin da ke zuba lu'ulu'u a faranti kamar gyaɗa? Ni Basuni, a ce 'yata ta shiga gidansa da gindin kwalba a yatsa?"

"Baban Rusmini, mayar da shi inda ka ɗauko."

Ta ɗan dafa gashinta, ta ci gaba da tsintarta. Shi kuwa ya mayar da gwangwani, zobe ya zarce aljihunsa.

Ba a jima ba wani mutum ya shigo shagon, da malafa har ido, da laka har gwiwa. Lakar ta tsaya daidai a ƙafa biyun kamar an auna da igiya, hannuwansa kuwa tas, amma Amang bai duba nan ba.

"Amang, kai ne Basuni mai ido?"

"In akwai wani bayana, ba a haife shi ba tukuna. Aski ko gyaran fuska?"

Mutumin ya leƙa waje, ya dawo, ya yi ƙasa da murya. "Galuh ce ta fito mini a rami."

Kun dai san masu haƙa ba sa kiran lu'ulu'u da sunansa. Galuh suke cewa, kamar yadda ake kiran gimbiya, don tana da saurin fushi. A yi fito kusa da ita, ko a riƙe ƙugu, ko a nuna ta da yatsa, sai ta koma inda ta fito. Shi ya sa wanda ya tsince ta yakan yi salati ya jefa ta baki, ta saba da shi, ta zauna.

Mutumin ya warware tsumma. Ga abu fari, mai kusurwa-kusurwa, yana sheƙi, girman lemon tsami. Amang Basuni ya zauna a kujerar aski ba shiri.

"Me ya sa ba ka kai ta kasuwa ba?"

"Kasuwa? In abokan ramina su ji, mai fili ya ji, a raba ni da ita kashi-kashi? Kuma 'yan kasuwar nan makafi ne, Amang. An ce mini kai kaɗai za ka gane ta."

"Wanda ya gaya maka ya san mutane."

"Ni wani ɗan abu nake so da zan sa a aljihu in bar gari. Ko ɗan zobe ne."

Nan Amang Basuni ya ji wani wayo ya taso masa tun daga ɗan yatsan ƙafa. Ya zaro zoben Acil Norsehan, ya yi fuskar mai rabuwa da ransa. "Gadon gidanmu ne. Na gaske ne, ka gan shi." Mutumin ya karɓa, ya fice ko sallama babu. Amang ya rufe ƙofa ya yi rawa shi kaɗai a gaban madubi. Ya ba da kwalba ya karɓi gimbiya! Har ya ɗan ji tausayin bawan Allah.

Ya yi niyyar ɓoye maganar sai ranar kawo kaya. Ya ɓoye ta kuwa, har zuwa la'asar. Kafin magariba duk layin ya cika shagon, har da Julak Marhat, maƙwabcinsa mai kiwon tsuntsaye, wanda tun suna yara bai taɓa barin maganar Basuni ta faɗi ƙasa ba tare da ya taka ta ba.

"Basuni, wannan ƙanƙara ce ko gishirin shanu?"

"Julak, girmanka nake gani. Matsa ka ga aikin masana. Gwaji na farko: ta gaske tana yanka gilashi."

Ya kama dutsen ya ja shi a madubin shagon tun daga sama har ƙasa. Wani farin layi ya fito.

"Kun gani?"

Julak Marhat ya sa yatsa ya shafa, layin ya goge. "Ai ga shi ya tafi."

"Ya warke ne! Yankan Galuh ba ya barin tabo. Ka taɓa jin gimbiya ta yi ɓarna a gidan mutane?"

Gwaji na biyu na gashi ne. A naɗe dutse da silin gashi a kanga masa wuta, in na gaske ne gashin ba ya ƙonewa. Amang ya tsinci gashi a ƙasa, ya naɗa, ya ƙyasta ashana, ya sunkuyo sosai don ya gani da kyau. Gashin ya ƙone. Rabin gashin bakinsa ma ya bi shi. Aka yi ta kashe masa fuska da tawul, wani ya watsa masa ruwan kumfa. Da hayaƙi ya lafa sai wani ƙamshi ya cika shagon.

"Wa ke dafa alewa?" in ji wani.

"Alewar gidanku! Ƙamshin jikinta ne. Gashin ne na jabu, na Julak ne, rini ya yi masa yawa."

Ana cikin haka tsuntsun Julak Marhat, da ke rataye a keji a ƙofar gida, ya saki fito mai tsawo. Amang Basuni ya zabura, ya yi salati da ƙarfi, ya cusa dutsen a baki. Kuncinsa ya kumbura kamar mai ciwon haƙori. Ya tsotsa. Idonsa ya buɗe, ya sake buɗewa.

"Zaƙi," ya ce ta gefen baki.

"Me ka ce?"

"Zaƙi gare ta!"

"Basuni, dutse da zaƙi?"

Ya fito da ita ya goge a riga. "Ka taɓa sa ta gaske a bakinka? To yi shiru. Ta jabu lami ce, kamar ka tsotsi cokali. Ta gaske zuma ce. Masu haƙa suna ɓoye wannan ne don kada kowa ya sani." Sai ya dube ta da kyau, ya ga kusurwa ɗaya ta ɗan shafe. Ya daka tsalle. "Ka gani ko! Tsuntsunka ya ɓata mata rai, ta fara tafiya!"

Daga ranar layin nan bai sake zama lafiya ba. Amang Basuni ya rufe kejin Julak da zanen matarsa. Ya je wurin mai shayi ya cire murfin butar da ke fito. Mai wainar tururi, wanda kekensa ke tafe yana fito tun daga bakin titi, Amang ya tare shi da tsintsiya ya ce ya zagaya ta bayan masallaci. Ya ƙwace usur ɗin mai tsaron babura. Maƙwabciyarsu Acil Masnah na tsaye a ƙofar gidanta da tsohon ciki, hannu biyu a ƙugu, ya doka mata tsawa daga nesa.

"Sauke hannunki!"

"In na sauke faɗuwa zan yi, Amang!"

"To shiga ciki ki riƙe!"

"Kai ka shiga ciki da dutsenka! Ni nawa ɗan na gaske ne, ba a yi masa gwajin ashana ba!"

Mutane kuwa sun gano abin wasa. Da an yi fito, Amang sai salati, sai dutse a baki, sai kunci ya kumbura. Masu wucewa a babur su yi fito. Matan da ke wanki a bakin kogi su yi fito. Wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya ta wuni tana gwadawa har Allah Ya ba ta sa'a. Julak Marhat ya yaye zanen kejinsa, ya kuma aro tsuntsayen surukinsa ya jera. Amang yana aski baki cike, miyau na ɗiga a kan mutane, kowa ya tashi daga kujerarsa kansa na danƙo, ƙuda na binsa har gida.

Masallaci ma bai tsira ba. Limaminmu na lokacin yana da giɓi, in ya juya ya yi sallama sai wani siririn fito ya biyo. Ya yi ta dama, Amang ya jefa. Ya yi ta hagu, Amang ya danne kunci da hannu biyu. Bayan an shafa addu'a ya matsa kusa da shi.

"Guru, ba za a iya cike giɓin nan ba kafin Lahadi, ranar kawo kayan 'yata?"

"Basuni, fito da abin da ke bakinka ka yi mini magana kamar mutum."

Galuh dai ta yi ta tafiya. Daga lemon tsami ta koma dabino. Wata safiya Amang ya farka ya tarar da kiyashi sun yi layi tun daga taga, sun hau gado, sun bi ta ragowar gashin bakinsa, sun gangara ƙarƙashin matashi inda take. Ya fito tsakar gida yana susa, fuska duk ta yi ruɗu-ruɗu, amma yana murmushi. Nini Jumantan na shara a ƙofarta, ta ce masa:

"Basuni, ni dai tun ina yarinya nake aikin zaƙi. Kiyashi ba ya bin dutse."

"Nini, ki tsaya a kalalapon ɗinki. Kin taɓa ganin gimbiya ta fita ba 'yan rakiya?"

A cikin gida kuwa Acil Norsehan ta buɗe gwangwani ta gan shi wayam. Ta zo ta tsaya a kansa yana karyawa.

"Baban Rusmini, ina zoben?"

"Na... na kai a wanke shi."

"To. Allah Ya sa ya yi ƙyalli."

Ta dafa gashinta ta wuce. Rusmini ce ta kasa haƙuri. Kullum in ta dawo daga makarantar da take koyarwa sai ta tambaya. "Abah, maƙerin bai gama ba? In je in karɓo?" Shi kuwa sai ya nuna kuncinsa, wai bakinsa a cike yake, ba damar magana. A ransa yana cewa bari yarinya ta ga abin da ubanta ya tanadar mata, za ta manta da wata ƙwayar shinkafa.

Ranar Lahadi dangin ango suka iso da hantsi. Mata a gaba da fantekoki a ka, ga atamfofi an naɗe su kamar tsuntsaye, ga ɗan itacen ayaba da kwakwa mai tsiro, ana watsa musu shinkafa mai kurkum ana salati. Maza suka zauna a tabarmi a baranda. Duk layin ya hallara, har waɗanda ba a gayyata ba, don labari ya kai kasuwa cewa yau Basuni zai fito da Galuh a gaban Haji Kurnain.

Aka kawo shayi a kofunan gilashi. Na Haji daban, baƙi ƙirin ba sukari, don ciwon sukari ya kama shi tun da daɗewa, kuma matarsa Hajja Salbiah ta zauna daidai bakin ƙofa inda za ta riƙa ganin hannunsa. Farantin kalalapon ya biyo ta gabansa, ya bi shi da ido kamar maraya.

Amang Basuni ya miƙe, da rabin gashin baki, da sabuwar riga. Ya fara da kafa doka: ba fito, ba riƙe ƙugu, ba nuni. Sannan ya yi jawabi a kan ido, yadda Allah ke ba wasu shago Ya ba wasu gani. Haji ya ce, "Haka ne." Amang ya fito da kwalin ashana, ya buɗe, ya kakkaɓe 'yan rakiya, ya ɗago ta da yatsa biyu. Yanzu ba ta fi gyaɗa ba.

"An ce mini ta kai lemon tsami," in ji Haji.

"Ta kai, Haji. Maƙwabta ne ba su da tarbiyya."

Haji ya gyara tabarau, ya matso da kofinsa a gaba, ya miƙa yatsa. "Wai wannan ce?"

"Kada ka nuna ta!"

Amang ya yi salati ya kai hannu baki. Kiyashi ɗaya da ya maƙale ya gantsara masa cizo a yatsa. Galuh ta suɓuce, ta yi sama, ta juya a iska kowa na kallo, ta faɗa tsulum cikin shayin Haji.

"Kada kowa ya motsa!" in ji Amang. "Wanka take yi."

Aka yi da'ira ana leƙen kofi. Ga ta can a ƙasa, wani siririn zare na tashi daga jikinta. Ta koma wake. Ta koma ƙwayar shinkafa.

"Basuni," in ji Julak Marhat, "wankan nan fa yana cin jiki."

"Wani ya yi fito a zuci! Wane ne?"

Ya fizgi cokali ya zura don ya kamo ta. Ta zille. Ya bi ta dama, ya bi ta hagu, ya yi ta zagaya kofin da cokali yana kiranta, "Galuh, Galuh, yi haƙuri, dawo," har ya gauraya shayin nan tas. Ya ɗaga cokali, babu komai. Sai wani ɗan ɓawo mai sheƙi da ya taso sama yana yawo. Haji ya tsame shi da farce, ya duba a rana, ya shinshina.

"Wannan jan farce ne, irin marar launin nan."

Sannan ya dubi kofin. Ya saci kallon matarsa. Ya ɗaga ya kurɓa. Ya lumshe ido, ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga ƙasan kofi.

"Haji!" Hajja Salbiah ta ƙwala ihu. "Me ka sha?"

"Lu'ulu'u, Hajja. Likita bai hana ni lu'ulu'u ba." Ya lashe leɓe. "Basuni, sukarin dutse ne, mai kyau kuwa. Rabona da shayi irin wannan tun kafin in je Makka."

Barandar nan ta kusa rushewa. Julak Marhat ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa yana cewa a kama Haji, ya shanye gimbiya. Acil Masnah ta riƙe ƙugu da hannu biyu tana dariya har aka ji tsoron za ta haihu a wurin. Tsohuwar nan marar haƙori ta saki fito.

Amang Basuni bai ji ko ɗaya ba. Wani lissafi ne ya faɗo masa a ka kamar kwakwa. In idon da ya ce sukari lu'ulu'u ne, shi ne idon da ya ce zoben Norsehan kwalba ne, to zoben nan...

Daidai nan Rusmini ta leƙo daga ɗaki, cikin kwalliyarta, da furanni a gashi. "Abah, an ce a kawo zoben Nini, kakata. Lokaci ya yi."

Dariya ta ɗauke. Amang ya buɗe baki, yau babu komai a ciki da zai fake da shi.

"Na ba da shi," ya ce. "Shi na ba mutumin."

"Zoben Nini? Ka ba da shi a kan sukari?"

"Na ɗauka... so na yi ki shiga gidan mutane da babban abu, 'yata."

Rusmini ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Hawaye kawai suka zubo suka ɓata mata hoda. Amang ya sunkuyar da kai. Nini Jumantan ta ce tun da ta san shi, ranar ce kaɗai ya ba ta tausayi.

Sai ga hayaniya daga bakin layi. Wani mutum ne ke tafe yana ture jama'a, da malafa, yau babu laka.

"Ina Basuni? Ina macucin nan? Ka cuce ni, Allah Ya isa!"

Amang ya ɗago. "Ni na cuce ka?"

"Har Banjarmasin na je da zobenka! Shago-shago ana yi mini dariya, wani har ya kira 'yan sanda! Kwalba ne! Kwalbar ma ta man gashi!" Ya jefar da zoben a tabarma. "Dattijo da kai, da furfurarka, ka dubi idona ka ce gadon gidanku ne!"

"Kai da ka sayar mini da sukari?"

"Sukarina na gaske ne! A tambayi wanda ya sha!"

"Na gaske ne," in ji Haji.

"Kun ji! A biya ni sukarina, da jan farcen matata da na ƙarar, da kuɗin mota!"

Mai tsaron babura, wanda bai manta da usur ɗinsa ba amma ya fi jin haushin baƙo, ya miƙe tare da samarin layi. Mutumin ya duba, ya ga lissafin bai fita ba, ya ranta a na kare, ya bar malafarsa a nan. An ce har gada suka raka shi.

Ana cikin wannan Acil Norsehan ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta tsaya a tsakiyar mata, ta zare tsinken gashinta, naɗin ya warware har baya. Daga cikinsa ta ciro wani ɗan ƙullin tsumma, ta kwance da haƙori. Ta kama hannun 'yarta ta zura mata zobe.

"Share hawayenki. Ga na Nininki."

Haji Kurnain ya nemi izini ya duba. Ya juya hannun yarinyar a rana sau ɗaya, ɗan dutsen ya watsa wuta har kan bango. Ya gyaɗa kai. "Lu'ulu'un Cempaka ne, na dā. Ko a shagona babu mai tsabtar wannan."

Amang Basuni ya dubi matarsa baki buɗe. "Norsehan, tun yaushe?"

"Tun ranar da ka sayo tocilar nan. Washegari na je wurin masu 'yan kunnen yara na ce a yi mini irinsa."

"Kika bar ni ina yawo da sukari a baki, kiyashi na cina?"

"Ka tambaye ni? Kai ne mai ido."

Kowa ya zaci shi ke nan, bakin Amang ya mutu. Ya tsuguna ya ɗauki zoben da aka jefar, ya haska shi da tocila. Sai aka ga ƙirjinsa na tasowa a hankali. Ya miƙe, ya gyara rabin gashin bakinsa.

"Jama'a, ku tsaya. Norsehan, ki faɗa a gaban Haji. Ranar da na duba zoben nan, me na ce miki?"

"Ka ce kwalba ne."

"Me ya zama?"

"Kwalba."

"Kun ji! Kallo ɗaya na yi masa! Ɓarawo da kansa, wanda sana'arsa ke nan, sai da ya je Banjarmasin kafin ya gane. Ni daga kan gadona na faɗa! Haji, in kana neman mai duba maka kaya a shago, ka san inda nake."

"Na sani," in ji Haji. "In shayina ya yi ɗaci zan aiko."

An yi biki lafiya, zoben yana hannun Rusmini har yau, 'yarta ta fari ke jiransa.

Da ruwa ya ɗauke na sayi kalalapon na koma gida ina ta dariya ni kaɗai a hanya. Ina shiga na tarar da maigidana, kakanku, zaune a baranda, ya sayo wata 'yar tocila sabuwa fil, yana haska zoben hannunsa yana gyaɗa kai. Ya ce, "Kawo naki in duba miki." Na ce hannuna da maiƙo, sai gobe. Washegari da safe, ko shayi ban dafa ba, na yafa gyale na tafi wurin masu 'yan kunnen yara. Daga nan na biya na sayi tsinken gashi mai ƙarfi.